Basamariye da Dinari Biyu: Karatun Wata Wasiƙar Roma a Zangon Lome

A ran 22 ga Satumba 2020, ofishin da ke kula da koyarwar bangaskiya a Roma ya fitar da wata wasiƙa mai suna Samaritanus bonus, wato Basamariye Nagari. Kadinal Luis Ladaria ne ya sa mata hannu, marigayi Fafaroma Francis kuma ya amince da ita. Maganarta a kan jinyar mutanen da ciwo ya kai su bakin kabari ne: abin da ya halatta a yi musu, da abin da bai halatta ba, da kuma wanda ke da ikon yanke magana. Na karanta ta da Faransanci, a hankali, har sau uku, gama ni ne nake kai wa marasa lafiya Jibin Ubangiji a gidajensu bayan sujadar Lahadi, tambayoyin da ke cikinta kuwa ana yi mini su a bakin tabarma. Ina so in gaya wa 'yan'uwa abin da na samu a ciki. Wasiƙar gaskiya ta faɗa, ban sami inda zan ƙaryata ta ba. Amma rigar an ɗinka ta ne da awon wani, idan muka sa ta a Zango akwai inda take jan ƙasa, akwai kuma inda ta bar mu tsirara.

Bari in fara da inda ta yi ƙarfi. Babinta na biyar, wanda shi ne mafi tsawo, yana da batutuwa 12. Na farkonsu ya hana kisan tausayi, wato a yi wa majiyyaci allura ko a ba shi wani abu da niyyar a kashe shi domin wahalarsa ta ƙare, ya kuma hana a taimaki mutum ya kashe kansa. Wannan ba sabuwar koyarwa ba ce. Takardar da ofishin nan ya fitar a 1980 ta faɗe ta, Katakizim na 1992 ya maimaita ta daga lamba 2276 zuwa 2279, Fafaroma Yohanna Bulus na Biyu kuma ya ƙarfafa ta a wasiƙarsa Evangelium vitae ta 1995. Abin da ya sa aka sāke ɗaga murya shi ne dokokin Turai sun sauya. Holan da Beljiyam sun halatta kisan tausayi a 2002, Kanada ta bi sahu a 2016. A 2017 hukumar da ke gudanar da asibitocin masu taɓin hankali na wata ƙungiyar 'yan'uwa ta Katolika a Beljiyam ta yarda a riƙa yin sa a cikin asibitocinta, har a 2020 Roma ta ce kada a ƙara kiran asibitocin nan na Katolika. Wanda ya san wannan labari zai gane dalilin zafin muryar wasiƙar. Tana magana ne da 'ya'yanta da wuta ta kama gefen rigarsu.

A kan wannan batu babu gardama a unguwarmu. Zango gari ne na Musulmi, mu Kirista 'yan kaɗan ne a ciki, tun tsohon Zango na tsakiyar birni wanda aka rushe a 1977 aka mai da mutane arewa wajen Agoè. Ban taɓa jin liman ko fada ko fasto da ya ce a kashe majiyyaci ba. Ran 28 ga Oktoba 2019 ma wakilan Kirista da Musulmi da Yahudawa sun sa hannu a takarda ɗaya a Batikan suna ƙin kisan tausayi. Idan matasanmu suka ga a talabijin ɗin Faransa yadda aka yi ta shari'a a kan Vincent Lambert har ya rasu a Reims a Yuli 2019, ko yadda majalisar wakilan Faransa ta amince da shirin dokar taimakon mutuwa a karatun farko a Mayu 2025, sai su girgiza kai su ce Turawa sun ƙoshi. Ni ba na son wannan magana, gama mai ciwo mai ciwo ne ko'ina, amma ta nuna cewa ƙofar da wasiƙar ta tsaya gadi ba ita ce ɓarawo yake shigo mana ta ciki ba.

Batu na biyu ya hana naci a kan maganin da ba ya da amfani. Idan mutuwa ta gabato, babu laifi a bar maganin da sai dai ya ja wahala, muddin ba a daina kulawa ta yau da kullum ba: abinci, ruwa, tsabta, rage zafi. Wannan koyarwa tana da daraja, mutanenmu kuwa da yawa ba su san Ikilisiya tana da ita ba. Wasu suna tsammani Kirista na gaske sai ya yi kokawa da mutuwa har kobonsa na ƙarshe. Ba haka ba ne. Tun a Nuwamba 1957 Fafaroma Piyus na 12 ya gaya wa likitoci cewa mutum ba ya da tilas sai a kan hanyoyin magani na yau da kullum, gwargwadon halinsa da wurinsa da zamaninsa. Yohanna Bulus na Biyu kansa, wanda ya ziyarci Togo a Agusta 1985, bai koma asibitin Gemelli a kwanakinsa na ƙarshe ba, a ɗakinsa ya rasu ran 2 ga Afrilu 2005.

To, a nan ne rigar ta fara jan ƙasa. Majiyyacin da wasiƙar take gani a idon zuciyarta yana kwance cikin injuna, robobi a hanci da hannu, likitoci suna ƙara masa magani a kan magani, iyali suna tambaya ko a tsayar. Wannan majiyyaci akwai shi a Lome, amma ba shi ne nake kai wa Jibi ba. Nawa yana kwance a tabarma, takardar ordonans uku a ƙarƙashin matashinsa, ɗaya aka saya, ita ma rabi. Babu wanda yake nace masa magani. Tambayarmu ba wane ne zai cire injin ba ce, wane ne zai biya kuɗin ranar farko.

Sai mai karatu ya lura da wani abu a koyarwar Ikilisiya wanda yake da kaifi biyu. Takardar 1980 ta ce cikin dalilan da mutum zai iya ƙin wani magani akwai gudun ɗora wa iyali ko jama'a kuɗin da ya fi ƙarfinsu. Tsofaffin malamai ma sun faɗi haka tun ƙarni na 16. Francisco de Vitoria na Salamanka ya koyar cewa mara lafiya ba ya da tilas ya ƙarar da dukiyarsa duka don ya ƙara kwanaki. Wannan jinƙai ne, yana sauke wa talaka nauyin laifi daga zuciya. Na ga amfaninsa da idona. Wani dattijo cikin 'yan'uwanmu ƙodarsa ta lalace, aka ce sai wanki sau biyu a mako har ƙarshen ransa. An yi na wata ɗaya da kuɗin da aka tara a coci da na ɗansa mai tuƙa zemijan. Da ya ji ana shawarar sayar da filin da ke ƙauye, ya aika aka kira ni. Ya ce, "Malam, idan na ce a bari, na kashe kaina ke nan?" Na ce, "A'a Baba, Ikilisiya ba ta ce haka ba." Ya yi ajiyar zuciya kamar wanda aka sauke wa buhun gero. Bai kai mako uku ba ya rasu, cikin salama, bayan fada ya zo ya shafe shi da mai.

Amsar da na ba shi daidai ce, zan sāke ba da ita gobe. Amma na koma gida ban yi barci ba. Gama da dattijon nan a Faransa yake, wankin ƙoda magani ne na yau da kullum, inshora za ta biya, ƙin sa ma sai a zauna a tambaye shi dalili. A Zango kuwa ya zama abin da ya fi ƙarfi, ba domin jikinsa ba zai ɗauka ba, sai domin mafi ƙarancin albashi a Togo tun Janairu 2023 sefa 52,500 ne a wata, ɗan zemijan kuwa ko wannan ba shi da tabbacinsa. Ke nan ma'auni ɗaya ya auna rai biyu ya ba da nauyi biyu. Idan muka tsaya a nan muka ce dattijo ya zaɓa, mun yi wa kalmar zaɓi ƙarya. Wanda aka ba shi hanya ɗaya bai zaɓa ba. Ina tsoron kada mu masu koyarwa mu mai da wannan jinƙai ya zama bargon rufe kunyar jama'a: talaka ya mutu da ciwon da ake iya riƙewa, mu ce ya karɓi nufin Allah, kowa ya watse hankalinsa kwance.

Wasiƙar ba ta manta da kuɗi ɗungum ba, kada in yi mata ƙazafi. Inda take bayyana misalin da ke cikin Luka sura 10, ta ambaci cewa Basamariyen ya kashe abin da ke hannunsa, ya kuma ɗauki alkawarin biyan sauran in ya komo. Amma ta wuce wurin da sauri, ta koma ga zuciyarsa mai gani da tausayi. Cikin batutuwa 12 ɗin nan akwai na wanda ya daɗe a sume, akwai na jarirai, akwai na ma'aikacin da lamirinsa ya hana shi bin doka. Babu ko ɗaya da aka keɓe wa majiyyacin da ba ya iya biya. A ganina wannan shi ne babban giɓinta. Ubangiji bai sa dinari biyu a cikin misalin don ado ba. Mai masauki ba zai ciyar da baƙo da tausayin wani ba, sai da aka ajiye masa kuɗi. Ikilisiyar Togo ta san wannan a aikace: 'yan'uwan Yohanna na Allah suna riƙe da asibitin Afagnan tun shekarun 1960, ƙungiyar OCDI tana aikin agaji a dayosis-dayosis, sistoci suna da ɗakunan magani a ƙauyuka. Gwamnati kuma ta fara inshorar lafiya ta kowa a Janairu 2024, ta soma da masu albashi. Da wasiƙar ta ce a fili cewa barin mutum ya mutu don rashin kuɗi laifi ne a wuyan jama'a, ta ba shi lamba tasa kamar sauran, da ta ba waɗannan ma'aikata sanda a hannu.

Yanzu ga maganar ikon majiyyaci a kan jinyarsa. Wasiƙar tana ɗar-ɗar da ita, tana da dalili. A Turai da Amurka an miƙa wannan iko har ya zama mutum yana cewa rai nawa ne, ni zan sa ranar fitarsa. Wasiƙar ta ce rai kyauta ce, ba a mallake ta haka, ta kuma yi gargaɗi a kan takardun da ake cikewa tun da lafiya idan aka mai da su hanyar ɗaure hannun likita. Na yarda. Sai dai wanda ya karanta wannan gargaɗi a Zango ba tare da lura ba zai iya ɗauka an ce masa ci gaba da abin da kake yi. Abin da muke yi kuwa shi ne ba ma tambayar majiyyaci kome.

Kowa ya san yadda ake yi. Likita ya duba sakamako, ya kira babban ɗa ko miji ko kawu zuwa baranda, su yi ƙus-ƙus. A dawo a ce wa mai ciwo, "Da sauƙi, an ce mu je gida a ci gaba da magani." Kalmar nan a kai shi gida kowa ya san fassararta ban da wanda za a kai. Ba mugunta ke sa haka ba. Kunya ce, da tausayi, da tsoron kada a ce an yi masa baki, da imanin cewa faɗin mutuwa kiran ta ne. Ni ma na yi shekaru ina cikin wannan shiru. Wata tsohuwa mai ciwon daji na mama ce ta fitar da ni. 'Ya'yanta sun tare ni a zaure suka roƙe ni kada in nuna mata kome. Na shiga, na gaishe ta, na ce, "Inna, Allah ya ƙara sauƙi." Ta bari sai da jikarta ta fita ɗebo ruwa, sa'an nan ta kama hannuna ta ce, "Malam, kai ma? Jikina ne fa. Na sani tun kafin su sani. Ina yin kamar ban sani ba ne don kada su yi kuka." Gida guda, kowa yana ɓoye wa kowa abu ɗaya, kowa yana kuka shi kaɗai. Tana da bashin da take so a biya, da ƙanwa a Kumasi da suka yi shekaru ba sa magana, tana so ta furta zunubanta tun bakinta yana iya magana. Shirun da aka yi don ƙaunarta ya kusa ƙwace mata duk waɗannan.

A nan Katakizim ya fi wasiƙar amfani a gare mu. Lamba 2278 ta ce majiyyaci ne zai yanke shawarar ci gaba da magani ko barinsa idan yana cikin hankalinsa. Idan ba ya ciki, sai waɗanda ke da hakkin tsaya masa, su ma kuwa dole su bi abin da shi zai so da abin da zai amfane shi. Ba a ce babban ɗa ba, ba a ce mai biyan kuɗi ba. Wannan magana tana da nauyi musamman ga mata, da matasa, da wanda ya karɓi baftisma shi kaɗai a gidansu, wanda idan ya kwanta sai waɗansu su yanke masa inda za a kai shi da wanda zai shigo ya yi masa addu'a. Ba ina cewa mu kori iyali daga ɗaki mu bar mutum shi kaɗai da takarda da alƙalami ba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, mu kuwa ba mu saba mutuwa mu kaɗai ba, batu na biyar na wasiƙar ma ya yabi wurin iyali, ya kuma yi daidai. Abin da nake cewa shi ne a yi shawarar a gefen tabarmarsa, ba a baranda ba. Akwai hanyar faɗin gaskiya da Hausa wadda ba ta yanka mutum. Ana iya tambayarsa, "Baba, me likita ya gaya maka? Kai yaya kake ji a jikinka? Akwai wanda kake so a kira?" Wanda yake so ya sani zai buɗe ƙofar da kansa. Wanda ba ya so, shi ma ikonsa ne, kada a tura masa.

Akwai kuma zafi. Batu na huɗu da na bakwai sun yi kyau ƙwarai: sun ce ciwon da ba ya warkewa ba ya hana a kula da mai shi, sun halatta maganin kashe zafi mai ƙarfi, har wanda zai sa mutum barci idan babu wata hanya, muddin niyyar ba kisa ba ce, an nemi yardarsa, an kuma ba shi zarafin shirya ransa tukuna. Piyus na 12 ya riga ya yarda da haka tun Fabrairu 1957. Ya kamata a karanta wannan a kowane coci, gama har yanzu akwai masu gaya wa majiyyaci ya jure, wai gicciyensa ne. Gicciyen da mutum ya ɗauka da yardarsa daban, wanda aka bar shi a ƙarƙashinsa don babu magani daban. Amma izinin shan abin da babu shi a kanti me zai yi wa mutum? Wani kwamitin masana na mujallar Lancet ya ba da rahoto a 2017 cewa rabin mutanen duniya mafi talauci suna samun ƙasa da kashi 1 cikin 100 na mofin da ake rarrabawa. Abin takaici, tiramol da yaranmu suke lalata kansu da shi ya fi sauƙin samu a bakin titi a kan mofin da tsohuwa mai ciwon daji take bukata. Na taɓa jin majiyyaci yana roƙon Allah ya ɗauki ransa da tsakar dare. Wannan ba mai neman kisan tausayi ba ne, ba ya bukatar a karanta masa batu na 11 a kan wanda za a hana gafarar sakramenti. Barci yake nema.

Abin kuwa mai yiwuwa ne a ƙasar talakawa. Likita Anne Merriman, wadda ta taɓa zama sista ta yi aiki a Nijeriya, ta kafa Hospice Africa a Yuganda a 1993, ta kawo mofin na ruwa mai araha wanda ake haɗawa a ƙasar a zuba a kwalba a kai wa mutum har gida. A 2004 Yuganda ta ba nas-nas da aka horar izinin rubuta shi. Ta rasu a Kampala a 2025. Wasiƙar ta yi kira a yaɗa irin wannan jinya, amma da ta kawo misali ɗaya irin wannan daga Afirka, da bishop-bishop ɗinmu sun sami abin nunawa idan sun zauna da ministan lafiya.

Wani fada da na nuna wa waɗannan tunani ya ce mini wasiƙa ɗaya ba za ta ɗauki duniya duka ba, aikin tarurrukan bishop na kowace ƙasa ne su ɗinka rigar daidai jikin mutanensu. Na karɓi wannan. Amma wasiƙar ba ta ce ta Turai ce ba, ga dukan Ikilisiya aka aiko ta, Katolika na Afirka kuwa sun haura miliyan 250. Idan uba ya rubuto wa 'ya'yansa duka, wanda ke kwana da yunwa yana da ikon cewa, Baba, ka yi maganar mai ciwon ƙoshi, ban ji tawa ba. Faɗin haka ba rashin biyayya ba ne.

A ajin katakizim na manya na fara koyar da ita haka: muna karanta batu na farko a taƙaice, gama babu mai musu, mu daɗe a kan na biyu da na bakwai, sa'an nan in rufe takardar in buɗe lamba 2278, in tambayi kowa wanda yake so ya tsaya masa idan bakinsa ya rufe, da ko yana so a gaya masa gaskiya. A karo na farko mutum 14 ne a ajin, 12 suka ce a gaya musu. Da na tambaya su nawa ne suka gaya wa iyayensu, babu wanda ya ɗaga hannu, har da ni. Tsohuwar nan kuwa, mun aika Kumasi, ƙanwarta ta iso da motar dare ana saura kwana huɗu, suka kwana ɗaki ɗaya.